Na kasa yafe wa yayana rasuwar mahaifiyarmu

Tambaya: "Assalamu alaikum Anti. Mahaifiyata ta rasu wata goma sha ɗaya da suka wuce. Ta faɗi a tsakar gida da asuba, bakinta ya karkace, hannu da ƙafarta na dama suka daina motsi. Ina aure a wani gari, na yi ta kiran babban yayanmu ina roƙonsa a kai ta asibiti, ya ce jifa ne, ba ciwon asibiti ba ne. Kwana huɗu ana hayaƙi da rubutu. Sai da ta daina magana gaba ɗaya aka kai ta, ta kwana biyu ta cika. Tun ranar sadakar bakwai ban ƙara yi masa magana ba, ko kiransa na gani ba na ɗauka. Kowa sai ya ce in yi haƙuri, kwananta ne ya ƙare. Na san haka ne, amma da na tuna sai in ji kamar ƙirjina zai fashe. Ba na samun barci, kuma ina tsoron ko imanina ne ya yi rauni. Ina so in yafe, na kasa. In na yi niyyar yafewa kuma sai in ga kamar zan ci amanar Mama. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan Mama, Ya sa jinyar da ta yi ta zama kaffara, Ya haskaka makwancinta. Ya ƙarin haƙuri?

Na karanta saƙonki a tsanake. In na fahimce ki daidai, ba ki musa cewa kwanan Mama ne ya ƙare ba. Abin da ya tsaya miki a rai shi ne akwai hannun mutum a yadda kwanakinta na ƙarshe suka kasance, mutumin nan kuwa ciki ɗaya kuka fito, kuma duk wanda kika tunkara da maganar sai ya toshe miki baki da "ki yi haƙuri" tun ba ki kai aya ba. Ga kewar uwa, ga fushi, ga tsoron kada Allah Ya kama ki da fushin. Sai kuma maganarki ta ƙarshe, cewa yafiya kamar cin amanar Mama ce. A ganina wannan ne ƙullin da ya riƙe sauran.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a sashen kula da masu damuwa da lalurar ƙwaƙwalwa, kuma masu irin halin da kike ciki suna zuwa mana fiye da yadda ake zato. Ba kasafai suke zuwa da sunan rashi ba. Mace za ta zo ta ce kanta ya yi nauyi, wani abu ya tokare mata ƙirji, ta sha maganin olsa har ta gaji, an auna jini an yi hoto ba a ga komai ba. Sai an zauna an tambaye ta yaushe abin ya soma, sannan ta ce tun bayan rasuwar wane. Da wannan idon zan amsa miki. Abin da zan kawo na addini sananne ne ga duk mai zuwa islamiyya, inda kuma ake buƙatar fatawa malamai suna nan kusa da ke.

Maganar imani

Mu fara da tsoron da kike ji a kan imaninki, don shi ya fi saurin warwarewa. Lokacin da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) yake kan gargara, idanun Manzo sun zubar da hawaye. Abdurrahman ɗan Auf ya ce, "Har da kai, ya Manzon Allah?" Ya amsa masa cewa wannan rahama ce, ya ƙara da cewa ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Hadisin yana cikin Bukhari. Annabi Yakubu kuwa shekaru ya yi yana begen Yusuf har idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf aya ta 84, alhali shi ne ya ce zai yi haƙuri mai kyau. Da 'ya'yansa suka matsa masa cewa ambaton Yusuf sai ya halaka shi, ya ce shi Allah yake kai wa ƙarar damuwarsa. Ki duba kamannin wannan da naki: masu ce masa ya daina ɗin su ne sanadin rabuwar, tare yake zaune da su, kuma bai ɓoye musu cewa bai gaskata labarinsu ba. Ya faɗa musu a fuska cewa rayukansu ne suka ƙawata musu wani al'amari.

Kwana ukun da aka iyakance wa mace ta yi makokin wanda ba mijinta ba, da wata huɗu da kwana goma na takaba, iyaka ce ta zahiri, wato barin ado da turare da makamantansu. Ba a ce rana ta huɗu zuciya ta daina ciwo ba. Abin da aka hana shi ne kururuwa, da marin fuska, da yaga tufafi, da furta maganar da ke nuna jayayya da hukuncin Allah. Ban ga ko ɗaya a cikin saƙonki ba.

Yarda da ƙaddara kuma ba ta shafe alhakin ɗan Adam. Shari'a da kanta ta ɗora diyya da kaffara a kan wanda ya kashe rai bisa kuskure, a Suratun Nisa'i aya ta 92, alhali ajalin mamacin ne ya zo. Ban ce wannan ne hukuncin yayanki ba, ko kusa. Na kawo ne don ki ga cewa mutum yana iya cewa "kwananta ne ya ƙare" ya kuma ce "an yi kuskure", duka biyun su zama gaskiya.

Abin da ya sami Mama

Alamomin da kika lissafa, karkacewar baki da mutuwar hannu da ƙafa na ɓangare ɗaya farat ɗaya, su ne na shanyewar ɓarin jiki. Yana faruwa ne in jijiyar da ke kai jini wani sashe na ƙwaƙwalwa ta toshe, ko kuma ta fashe jini ya zuba. Babban abin da ke jawo shi a wajenmu hawan jini ne, wanda da yawa suke yawo da shi ba su sani ba, ko sun sani suna shan magani sai ranar da kai ya yi ciwo. Saboda yana zuwa bagatatan, mutum ya kwanta lafiya ya tashi baki a karkace, shi ya sa mutanenmu da dama suke ɗaukarsa jifa ko iska. Ba yayanki ne ya ƙirƙiro wannan fahimtar ba, a cikinta ya tashi.

Ba zan ɓoye miki ba, jinkirin kwana huɗu kuskure ne. A asibiti ana lura da hawan jini da sukari, ana duba ko mara lafiya yana iya haɗiya don kada ruwa ko abinci ya sarƙe shi ya gangara huhu, ana juya shi don kada jikinsa ya yi gyambo. Waɗannan suna ceton rayuka. Amma ga ɗaya ɓangaren. Allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya sai a cikin awa huɗu da rabi na farko take aiki, bayan an yi hoton ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane asibiti yake da ita ba. In kuwa fashewa ce jijiyar ta yi, allurar ma ba a yin ta. Na ga waɗanda aka kawo cikin sa'a guda, aka yi duk abin da ya kamata, suka rasu. Na ga waɗanda aka kawo a makare suka tashi. Ba likitan da zai dafa Alƙur'ani ya ce da an kai Mama da asubar nan da yanzu tana raye. Abin da za a iya cewa shi ne an rage mata wata dama, ba a san girmanta ba. Zuciyarki ta riga ta yanke cewa "shi ya kashe ta". Abin da ya tabbata bai kai nan ba, kuma ina so ki riƙe iya abin da ya tabbata, don shi ma ya isa nauyi.

Ga masu karatu kuma, tunda maganar ta zo: in kuka ga baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a nufi asibiti nan take, kada a ɗura wa mutum komai ta baki. Addu'a ana yin ta a cikin mota, ana yin ta a bakin gado, ba wanda zai hana.

Me ya sa fushin ya ƙi tafiya

Abu na farko, ba a taɓa sauraronki ba. A zaman makoki kowa ya shigo zai ce "ya haƙuri", ki ce "da godiya", a shafa fatiha, ya tashi. Wannan al'ada tana da kyau, tana riƙe mutum a kwanakin da ba ya iya riƙe kansa. Amma ba ta da wurin da za a ce "an ɓata min". Bayan sadakar arba'in kowa ya koma harkarsa, maganar da ba a faɗa ba ta zauna a ciki tana cin mai ita. Na lura cewa mutum ba ya iya sauke abin da kowa yake ce masa bai faru ba. Yana ƙara ƙanƙame shi ne, don ya zama shi kaɗai ne shaida.

Na biyu, kuma ki yi min uzuri in na taɓa inda yake ciwo: kin ce kina wani gari kina ta kira a waya. Ban taɓa zama da mai irin wannan labarin ba face akwai wata tambaya a ƙarƙashin fushin, wadda ba ta faɗa wa kowa: me ya sa ban hau mota na je ba? Me ya sa ban kira kawu ko maƙwabci ya ɗauke ta da ƙarfi ba? Wata baiwar Allah da na yi ta zama da ita, wadda ta rasa mahaifinta a hali mai kama da wannan, ta yi makonni ba ta da zance sai na ƙaninta da sakacinsa. Wata rana tana cikin magana sai ta yi shiru, ta shiga murza bakin mayafinta, can ta ce, "Ranar fa ya kira ni da daddare, na ga kiran, na ce sai da safe." Ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar jana'iza. Daga wannan zaman ne zancen ƙanin ya soma raguwa da kansa. Fushi da wani ya fi sauƙin ɗauka a kan fushi da kai, shi ya sa zuciya take tura kayan can.

In akwai irin wannan a ranki, ki auna kanki da abin da kika sani a ranar, kada ki auna da abin da kika sani yau. A ranar ba ki san kwana shida suka rage ba. Kina gidan miji, wataƙila da yara, wataƙila ba kuɗin mota a hannu, kuma babba ya yanke magana a gidan da aka tarbiyyantar da ku kada ku ja da babba. Kin yi abin da ke hannunki, kin kira, kin roƙa. Manzon Allah (SAW) ya ce in abu ya same ka kada ka ce da na yi kaza da kaza ne zai faru, ka ce Allah Ya ƙaddara kuma abin da Ya so Ya aikata, domin "da" tana buɗe aikin Shaiɗan. Muslim ne ya ruwaito. A wurin aikina ina ganin wannan aikin da idona: mutum ya kwana yana maimaita kwana huɗu a kansa, kullum yana sauya musu ƙarshe, gari ya waye ba abin da ya sauya sai jikinsa da ya ƙara lalacewa.

Na uku shi ne abin da kika kira cin amana. Muddin kina fushi, shari'ar Mama ba a rufe ta ba, kina nan tsaye a matsayin mai kare ta. In kika sauke, sai ki ga kamar kin yarda a binne maganar tare da ita, kamar ta tafi ke nan gaba ɗaya. Na fahimci wannan sosai. Amma ki tambayi kanki tsakani da Allah: wannan gabar me take kai wa Mama a kabarinta? Addu'arki tana isa gare ta, sadakarki tana isa. Rashin barcinki ba ya isa. Ke kika san ta, ni ban san ta ba, don haka ke za ki iya faɗin abin da za ta ce in ta ji 'ya'yanta biyu sun kusa shekara ba sa ga maciji a dalilinta.

Abin da yafiya take nufi

Yawancin masu cewa "na kasa yafewa" suna zaton yafiya ita ce su wayi gari su ji ba komai a ransu, su koma wasa da dariya kamar da. Da suka ga hakan bai samu ba sai su ce sun kasa. Ki ɗauke ta kamar yafe bashi. Wanda ya yafe bashi bai ce ba a ci kuɗinsa ba, bai kuma ce bai ji zafin asarar ba. Cewa ya yi na daina bi.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Everett Worthington, ya shafe shekaru yana bincike a kan yafiya, kuma shi kansa an kashe mahaifiyarsa a gidanta a daren shiga shekarar 1996. Ya raba yafiya gida biyu. Akwai ta niyya, wato mutum ya yanke cewa ba zai rama ba, ba zai bi wanda ya ɓata masa da sharri ba. Akwai kuma ta zuciya, wato ɗacin ya narke, tausayi ko natsuwa su maye gurbinsa. Ta farko tana hannunki, kina iya yin ta a daren yau. Ta biyu ba a yi mata dole, a hankali take zuwa, wani lokaci ta zo ta koma ta sake dawowa. Abin da nake gani a aiki ya yi daidai da wannan.

Mu kuma muna da misalin da ya fi wannan kusa da mu. Wahshi ne ya kashe Sayyidina Hamza, baffan Manzon Allah (SAW), a yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira. Bayan shekaru ya zo ya musulunta. Manzo ya karɓi musuluncinsa, bai sa an taɓa shi ba, amma ya tambaye shi ko zai iya ɓoye masa fuskarsa. Wannan yana cikin Bukhari. Mafi tsarkin zuciya a cikin halitta ya bar ramuwa, duk da haka ganin fuskar yana tayar masa da ciwo, kuma ya faɗa. Saboda haka in kin yafe, gobe kika ji muryar yayanki gabanki ya faɗi, kada ki ce yafiyarki ta ƙarya ce.

Sai dai akwai bambanci, ba zan tsallake shi ba. Yayanki jininki ne, haƙƙin zumunci yana tsakaninku, ba za ki ce ya ɓoye miki fuskarsa har abada ba. An hana musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, su haɗu wannan ya kau da kai wancan ya kau da kai, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an ce sallama tana fitar da mutum daga wannan ƙauracewar, kuma bai kamata ya bar yi masa magana bayan sallamar ba. Kin ga ƙofar da aka buɗe ba mai wuyar shiga ba ce. Ba a ce sai kin je kin kwana a gidansa ba. Suratush Shura ma, a aya ta 40 da 41, ta ce wanda ya yafe ya gyara ladansa yana wurin Allah, ta kuma ce wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an zalunce shi ba laifi a kansa. An kwaɗaitar da yafiya ne bayan an tabbatar wa wanda aka ɓata wa cewa yana da haƙƙi. Masu ce miki "ki yi haƙuri" rabin farko suke kawo miki, su bar na biyu.

Ta ina za ki fara

Hanyoyin da ke gabanki ba su da yawa. Kina iya ci gaba da shirun, amma kin riga kin ɗanɗana abin da wata goma sha ɗaya suka yi miki, kuma irin wannan gabar tana gangarawa kan 'ya'ya, su tashi ba su san gidan kawunsu ba, ba su kuma san dalili ba. Kina iya bari manya su tara ku a ce "ku yafi juna, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar", ki durƙusa ki ce kin yafe don kunyar idonsu. Na ga irin wannan sulhun da yawa, kuma kaɗan ne suke kai wata uku, don ba a taɓa ainihin maganar ba. Abin da nake ba da shawara ya fi waɗannan jinkiri.

Ki fara da samun mutum ɗaya da zai saurari labarin tun daga asubar da ta faɗi har ranar da aka ɗauke ta, ba tare da ya katse ki da nasiha ba. Ƙanwar Mama, ko aminiyarki, ko malamarku ta islamiyya mai riƙe sirri. Ki gaya mata tun farko cewa sauraro kike so. In ba ki da kowa, ki rubuta a takarda kamar da Mama kike magana, har da abin da kike jin kunyar faɗa, ki yaga bayan kin gama. A sujada kuma ki faɗa wa Allah yadda abin yake, in kin idar da salla ma ki faɗa da Hausarki, kamar yadda Annabi Yakubu ya kai ƙararsa. "Ya Allah ina so in yafe, zuciyata ta ƙi, Ka taimake ni" addu'a ce cikakkiya.

Bayan haka sai sallama. In murya ta yi miki nauyi, saƙo ya isa a karon farko: "Assalamu alaikum Yaya, ya gida, ya yara?" Kada ki haɗa da maganar Mama, kada kuma ki jira sai kin ji a ranki kina so. Kin ce yana kira ba kya ɗauka. Wanda bai damu ba ba ya ta kira.

Zaman gaskiya shi ne na ƙarshe, in kin ji ƙafarki ta tsaya. Ku biyu da wani babba guda da ku duka kuke jin nauyinsa, ba taron dangi ba. Ki faɗi abin da ya same ki maimakon ki yanke masa hukunci. "Yaya, na roƙe ka ba ka ji ni ba, kuma tun ranar ban ƙara barci mai daɗi ba" magana ce da zai iya amsawa. "Kai ka kashe ta" kuwa ba abin da zai biyo baya sai rantse-rantse da tashi a fusace. Ban ji ta bakinsa ba, ɓangarenki kaɗai na ji, amma zan gaya miki abin da na sha gani a wurin maza irinsa. Wani da aka kawo mana saboda rashin barci, shi ne babba a gidansu, shi ya yanke shawarar da ta zo da ƙarshe mara daɗi. A gaban 'yan'uwansa ba ya cewa komai sai "haka Allah Ya so", har suna ganin ko a jikinsa. A ɗakinmu ya ce tun rasuwar bai ƙara bi ta ƙofar ɗakin tsohuwar ba, ta bayan gida yake zagayawa ya fita masallaci. Mai yiwuwa yayanki ya kai Mama inda ya yi imani a nan maganin yake, da kuɗinsa da zirga-zirgarsa, yanzu kuma yana ɗauke da abin da girman kai da matsayin babba ba za su bar shi ya furta ba. Mai yiwuwa kuma har gobe yana ganin daidai ya yi.

Ki shirya wa wannan na biyun. In ya ce bai yi laifi ba, sulhu cikakke zai yi wuya, don shi sai da mutum biyu. Yafiya kuwa ke kaɗai kina iya yin ta. Za ki gaishe shi, ki je sunansa da bikinsa, ki duba shi in ba shi da lafiya, ba dole sai kun koma kamar da ba. Kuma yafiya ba ta hana ki ɗaukar darasi: in Baba yana raye, ko akwai wani tsoho a gidan, ku 'yan'uwa ku zauna tun yanzu ku amince cewa duk wanda yake kusa yana da ikon kai mara lafiya asibiti ba sai an jira izinin kowa ba, a kuma riƙa auna musu hawan jini.

Ita kuma Mama

Sakin fushi ba sakin Mama ba ne. Sa'adu ɗan Ubada mahaifiyarsa ta rasu ba ya gari, kamar ke. Ya zo ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko zai amfane ta in ya yi sadaka a madadinta, aka ce masa eh, ya ba da gonarsa. Ki nemi abin da ya yi kama da ita, daidai ƙarfinki. In mai ciyar da almajirai ce, kwanon nan kada ya bushe. In akwai ƙawarta da take aika wa goro ko sabulu, ki ci gaba da aikawa. Wasu 'yan'uwan na ga abin da ya fara haɗa su shi ne karo-karon sadakar da suka yi wa mamacin, tun kafin su iya haɗa ido.

Kada ki yi mamaki in kin ga yau kin yi dariya har da hawaye a gidan biki, gobe ƙamshin turarenta a jikin wani zane ya zaunar da ke. Wasu masu bincike biyu a ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun bayyana a 1999 cewa haka mai rashi yake, yana kai-komo tsakanin fuskantar rashin da fuskantar rayuwa, kuma wannan kai-komon shi ne lafiya. Watan da ta rasu yana ƙaratowa, ga azumi da salla da za su riƙa zuwa ba ita. Ciwon yakan motsa a irin waɗannan lokutan, ki sani tun yanzu don kada ki ɗauka baya kika koma.

Abin da ya fi damuna a saƙonki shi ne barcin. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta sa baƙin cikin rashi mai tsawo a matsayin lalura, wato in an wuce aƙalla wata shida, fiye da abin da aka saba a al'adar mutum, begen mamacin yana nan da zafinsa har ya hana shi gudanar da rayuwarsa. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka shekara guda suka sa ga manya. Bincike ya nuna kusan mutum ɗaya cikin goma na waɗanda aka yi wa rasuwa yana faɗawa wannan hali. Ba zan iya cewa kina ciki ko ba kya ciki daga saƙo ba, sai an gan ki. Amma in rashin barcin ya zama na kusan kullum, ko kin rame, ko kin kasa kula da yara da girki, ko ba abin da yake miki daɗi, ki je a duba ki. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. In duk sun yi miki nisa, ki fara da likitan babban asibitin da ke kusa da ke, ki gaya masa maganar rasuwar, kada ki tsaya a ciwon kai kawai. Zuwa can ba hauka ba ne, yawancin abin da ake yi ma zama ne da magana. Ki guji sayen maganin barci a kemis ba da takardar likita ba, wasunsu suna kama jiki. In kuma tunanin gara ki bi ta, ko ki cutar da kanki, ya taɓa zuwar miki, ki gaya wa maigidanki ko wani na kusa a ranar, a kai ki asibiti a ranar.

Allah Ya gafarta wa Mama, Ya sanyaya zuciyarki, Ya daidaita tsakaninki da ɗan'uwanki.